Wani tsini a 2350 ya ƙi barin sakamakon IR ɗina

Ɗalibar aji uku:
Assalamu alaikum. Muna auna sinadarin acetone a na'urar FTIR, wadda ke haska samfuri da hasken infrared (IR), ta nuna tsini a duk inda samfurin ya haɗiye hasken. Tsinin C=O, wato haɗin carbon da oxygen, ya fito sarai wajen 1715 a ma'aunin saurin kaɗawar hasken (cm⁻¹), amma sai ga wani ɗan tsini mai kai biyu kusa da 2350, alhali babu abin da zai ba da shi a acetone. Mai kula da lab ya ce numfashinmu ne. To in iska ce, me ya hana nitrogen da oxygen fitowa, tunda su ne kusan iskar baki ɗaya?

Malamin kemistiri:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ya faɗa miki, CO2 ne, wato carbon dioxide da muke fitarwa a numfashi.

Atom ɗin da ke cikin molecule ba sa zama wuri ɗaya. Kullum cikin miƙewa da lanƙwashewa suke, kowane motsi da nasa saurin. Shi kuma hasken infrared ƙarfin lantarki yake ɗauke da shi mai kaɗawa. Kamar lilo ne, sai turin ya zo daidai da tafiyarsa yake ƙara sama. To amma da sharaɗi, kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: dole motsin ya sauya yadda caji ya rabu a cikin molecule. N2, wato nitrogen, atom biyu ne iri ɗaya, duk jan da za su yi wa juna cajin bai karkata ko'ina ba, hasken bai sami wurin kamawa ba. Haka O2, wato oxygen.

CO2 kuwa a miƙe take, carbon a tsakiya. In oxygen biyun suka ja baya tare, caji bai karkata ba, don haka shiru. In ɗaya ya matso ɗayan ya ja baya, caji ya karkata, shi ne 2349 ɗinki. Lanƙwasawarta tana 667.

Mai aikin lab:
Ki sake ɗaukar awon iska zalla dab da sa samfurin don na'urar ta cire na iskar daga sakamakon, kuma a daina cunkoso ana hira a kan na'urar. Inda ake da hali, nitrogen busasshe ake hurawa ciki, don shi IR ba ya ganinsa.

Ɗalibar aji uku:
Na gode, Malam. Ke nan nitrogen ba ya fitowa ko ta wace hanya?

Malamin kemistiri:
Yana fitowa mana, a wani awon daban da ake kira Raman, wajen 2330. Can ba hasken da aka haɗiye ake aunawa ba, wanda ya warwatsu ne, abin da C. V. Raman ya gano a Kalkata a 1928. Waccan miƙewar CO2 da ta yi shiru a IR ma, a can za ki gan ta.