Ƙwan agwagwa na hudawa amma ƴaƴan na maƙalewa cikin ɓawo, ku taimaka min

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwo, da fatan kowa ya tashi lahiya. Wallahi abu ne ya ishe ni shi ya sa na kawo kukana gare ku. Ni nan Tahoua nike, ina da ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwan kaji 48 kuma na kaji ban taɓa samun matsala da shi ba, sau ukku ina hiddawa lahiya lau. To wannan karon sai na ce bari in gwada na agwagi, irin namu na gida masu jar huska, na zuba 30 tun farkon watan Disamba, zahi 37.5 kamar yadda na saba, danshin iska kuma agogon injin shina nuna kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari. Ranar 10 na haska da tocila na hidda baragurbi 6, sauran 24 duk da rai.

Yau kwana 34. Tun jiya guda 11 sunka huda ɓawo, ina ganin bakinsu ina jin kukansu amma biyu kawai sunka hito da kansu, sauran tantanin nan na ciki ya bushe ya koma kalar takardar buhun siminti ya manne musu. Daren jiya na kasa barci na ɗauko guda na ɓare shi da hannu sai jini, ashe ko gwaiduwa ba ta gama shigewa cikinshi ba, kahin asuba ya mutu. Yanzu mi zan yi, in ƙara ruwa ne ko in ɓare sauran kahin su mutu?

Hajiya mai kaji, Yamai:
Wa alaikassalam ɗana, sannu da wahala. Abu na farko, don Allah cire hannunka daga marfin injin nan. Ban tambaye ka ba amma na san tun jiya ka buɗe ya fi sau goma kana leƙawa, kowa haka yake yi a karon farko, ni ma na yi. Yanzu hunturu ne, kuma hunturun Tahoua ma ya fi namu na bakin kogi bushewa, wanki ma ka shanya ba ka gama shan shayi ba ya bushe, to ina ga tantanin ƙwai. Duk buɗewa ɗaya danshin da ya taru ya tsere, kuma wanda ya riga ya huda shi ke fara shan wahala.

Kuma kwana 34 ai ba ka makara ba. Agwagwarmu ta gida kwana 35 take yi, waɗancan farare na Turawa su ne masu 28, kaza 21. Ɗan agwagwa ba kamar ɗan tsako ba ne, in ya huda yakan kwanta ya huta yini guda cur, wani har kwana biyu, a wannan lokacin ne yake janye gwaiduwa da jinin da ke cikin tantani. Wanda ka ɓare lafiyarsa ƙalau, lokacinsa ne bai yi ba, Allah ya mayar maka da alheri.

Yanzu ka kai danshi 70 zuwa 75. Ba zurfin ruwa ke kawo danshi ba, faɗinsa ne, kwano mai zurfi da faranti mai faɗi in ka zuba musu ruwa ɗaya farantin zai fi ba ka. Ka sa soso ko tsumma mai tsabta a cikin ruwan, rabi a ciki rabi a waje, ruwan kuma mai ɗumi, kar ka ɗebo na randa mai sanyi. In injinka na da ƙofar zuba ruwa ta waje ka bi ta nan, in babu ka samu siririn tiyo da sirinji ka zura ta hujin iska. Amma kar ka toshe hujin iskan wai don danshi ya hau, yanzu ne suka fi buƙatar numfashi.

Sai wanda ya wuce awa 36 zuwa 48 da hudawa bai ci gaba ba, shi za ka duba. Ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa a tantanin, ka kiyayi hancinsa kar ruwa ya shiga. In ya jiƙa za ka ga jijiyoyi, in ja ne jawur ka mayar da shi ka ba shi awa uku ko huɗu. In ka ga yana motsa baki kamar mai tauna, shi ma bai gama ba. Sai jijiyoyin sun ƙafe sannan ka ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta gefen mai faɗi, ka buɗe masa kai kawai ka bar shi ya ture sauran da ƙafarsa.

Na Talladjé:
Hajiya ta gama magana kan na yanzu, Allah ƙara girma. Ni kan zubi na gaba zan ce wani abu, don ni akasin naka ya same ni. Cikin watan Agusta ana tsakiyar damina na cika duka mazuban ruwa saboda an ce min agwagwa ƴar ruwa ce ƙwanta na son ruwa, ƙarshenta ƴaƴan suka girma suka cika ƙwan taf, ko hudawa da yawansu ba su yi ba, da na fasa na tarar da su jiƙe sharkaf sun mutu a ciki. Ashe ƙwai dole ya rage ruwa kafin ƙyanƙyasa, wajen kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na nauyinsa, wato mai garam 75 ya kamata ya zubar da wajen garam 10, shi ke buɗe gurbin iskan nan na gefen mai faɗi inda ɗan zai fara sa baki ya yi numfashi. Tun daga nan na sayi ƙaramin sikeli a kasuwar Katako ta nan Yamai, ina zaɓar ƙwai biyar in rubuta nauyinsu da fensir a jiki in riƙa aunawa duk mako, kuma in na haska sai in zagaye gurbin iskan da fensir. Ya yi saurin faɗi in ƙara ruwa, ya ƙi faɗi in rage, da damina wani lokacin ma ba na zuba ko ɗigo sai kusan ƙarshe.

Sannan agogon danshin ƙananan injinan nan kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari. Samu wani na daban ka gwada shi, gishiri a murfin kwalba ka ɗiga ruwa ya jiƙa kawai ba ya narke ba, ka ɗaure su tare cikin leda su kwana, da safe ya kamata ya nuna 75. Nawa 83 ya nuna min, ka ga duk lissafina na baya a kan ƙarya yake.

Baba Tsoho:
Ku yaran zamani da injinanku. Ka taɓa tsayawa ka kalli uwar in tana kwanci? Kullum sai ta tashi ta tahi ta ci ta yi wanka ta dawo da gashinta a jiƙe ta hau ƙwai. To ka yi mata koyi, daga kwana 10 ka riƙa hiddo su su sha iska minti 10 zuwa 15, ka hesa musu ruwan ɗumi ka maida, in ya rage kwana ukku ko huɗu ka bar juya ƙwan ka bar hesawa ka rufe. Ni dai tawa agwagwar ba ta san an ɗauke wuta ba.

Ɗan Ader:
Hhhh Baba ka gama da ni. Hajiya wallahi kamar kina nan, ya hi sau goma ma, har da yara kowa na son ya gani. Na yi yadda kika ce tun jiya da la'asar, soso biyu da ruwan ɗumi ta tiyon ƙarin ruwa da na samo, danshi ya hau 72 na ɗaure marfin da igiya na ce duk wanda ya taɓa ni da shi. Yau da asuba na tarar da bakwai sun hito, wasu shidda kuma sun huda sababbi. Ukku daga na farko sun maƙale, guda ya mutu, biyu na jiƙa su jijiyoyin sun ƙafe na buɗe musu kai, ɗaya ya hito shina ta kuka, ɗayan har yanzu shina ciki amma shina lumfashi. Na gode Allah saka da alheri. Na Talladjé don Allah sikelin nan nawa ka saye shi, in sa ƙanena da ke Yamai ya aiko min a mota?