Gidan Ɗan Hausa: Na Bature Ne Ko Namu?

Ɗan Birni: Jama'a, abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Gidan Ɗan Hausa na nan tsaye a Nassarawa, a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, amma sorayen cikin ganuwa kowace damina sai sun ragu. Ko don gidan Bature ne?

Magini: Malam, janye kalmar nan. Ginin tubali ne, rufin azarar giginya, bakan gizo, wato ginin baka mai tallafe rufi, a ciki, zanko a kai. Wane Bature ne ya iya ɗaurin baka?

Ɗalibar Tarihi: Wanda ya zauna ciki yake nufi, Baba. Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Shi ne Ɗan Hausan.

Magini: Ashe ɗan haya shi ne mai gida? Abin da ke riƙe irin ginin nan makuba ce: a jiƙa ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ƙasa da ruwan, a yaɓe bango kafin ruwan fari.

Ɗan Marina: Makuba ta bango ce, yallaɓai. Rufi sai laso: katsin marina, wato abin da ke kwantawa a ramin rini, gashin akuya daga majema, da dafara, tsiron nan mai yauƙi. Ba mu, ba soro.

Magini: Ga masu rini sun zo tallar katsi.

Injiniya: Ku bar wannan. Siminti ne ke kashe soro. In aka shafa shi kan ƙasa, danshi ba ya samun hanyar fita, sai shafen ya rabu da bango, ruwa ya bi bayansa. Indararo kuma in ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, kan azara ya ruɓe. Shi ke nan.

Ɗalibar Tarihi: Kuma adanawar jiha daban take da ta tarayya. Gidan Makama, gidan tarihin da ke cikin birnin Kano, na ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma dokarta ta 1979 ta hana sauya ginin da aka ayyana sai da izini.

Ɗan Birni: To tambayata fa?

Magini: Bari in taƙaita. An yarda gidan aikin maginan Kano ne, makuba ce kan gaba, siminti kuma a jefar. Maganar laso ba ta samu magoya baya ba.

Ɗan Marina: Wa ya yarda?