Neman shawara kan manhajar gano dalilin karyewar shaf

Mai injin casa, Jega:
Assalamu alaikum. Shaf ɗin injin casar shinkafarmu, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, yana yawan karyewa, kuma kullum a wuri ɗaya, daidai tsagar da makullin fuli (wilin da bel ke ja) yake zama. An yi walda, an kuma sassaƙo sabo, amma ba ta canja zani ba. Na ji ana cewa akwai manhajar kwamfuta da ke nuna inda ƙarfe zai karye. Wacce ya kamata mu nema?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin wannan manhaja tana rarraba zanen shaf zuwa dubban gutsattsari, ta lissafa nauyin da kowanne yake ɗauka, sannan ta nuna da jan launi inda abin ya fi tsanani. ANSYS da Abaqus ne manyan kamfanoni suka fi dogaro da su, sai dai lasisinsu yana da tsada, kuma ANSYS ɗin da ake bai wa ɗalibai kyauta don koyo aka yi ta, ba don kasuwanci ba. Ga aiki irin naka, FreeCAD ta wadatar a farko: kyauta ce, tana lissafi da wata manhaja mai suna CalculiX, kuma idan an girka ta ba ta buƙatar intanet.

Malamin kwalejin fasaha, Ƙauran Namoda:
Na yarda da Injiniya, amma kafin a kunna kwamfuta a duba fuskar karayar. Idan yawancinta sumul take, da layuka masu lanƙwasa, sai ɗan yanki mai kaushi a gefe, to gajiyar ƙarfe ce, wato tsaga ta daɗe tana ci a hankali kafin ragowar ya ɓalle. Bel yana jan shaf gefe ɗaya, saboda haka duk juyi guda sai kowane sashe ya miƙe ya kuma matse. Shaf ɗin da ke juyi 1,450 a minti yana cika juyi miliyan ɗaya cikin ƙasa da awa 12. Lissafin nauyi na tsaye, wanda bai kula da wannan juyi ba, zai iya cewa komai lafiya lau, don haka a ƙara da lissafin gajiya, ko da hannu ne, daga alƙaluman da manhajar ta fitar.

Mai sassaƙar ƙarfe, Gusau:
Malam ya yi gaskiya. Ni tambayata ita ce, wane ƙarfe aka sassaƙa? Manhaja za ta nemi a gaya mata nau'insa, alhali da yawa daga cikin abin da ake kawo mana daga 'yan gwangwan yake fitowa, ba takarda. Idan aka rubuta EN8, wani nau'in ƙarfe mai ƙwari, ga shi kuwa ƙarfe ne mai taushi, duk lissafin ya tashi a banza. Walda kuma a daina ta a wannan wurin, domin zafinta yana sauya ƙarfen da ke kewaye, tsagar ta dawo nan kusa.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Haka ne. Akwai kuma tarkon da masu koyo ke faɗawa: idan aka zana kusurwar tsagar da kaifi, duk lokacin da aka ƙara yawan gutsattsarin sai lambar nauyin da manhajar ke nunawa ta ƙara hawa ba iyaka. A auno ainihin lanƙwasar kusurwar a zana ta, sannan a gwada faɗaɗa ta a ga yadda nauyin zai sauka.

Mai injin casa, Jega:
Allah ya saka da alheri. Guntayen suna nan, zan ɗauki hoton fuskar karayar in turo.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Madalla, Alhaji. A haɗa da kaurin shaf, da tazarar da ke tsakanin boris da fuli, da ƙarfin motar da ke juya injin kamar yadda aka rubuta a jikinta. Kada a goge fuskar karayar kafin a ɗauki hoton.