"Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki": ta dace da zaman Bairut?

Mai Wayarin: Jama'a, ku duba min wannan karin maganar. A 2021 wutar gwamnatin Labanon ba ta wuce awa ɗaya ko biyu a rana, sai unguwannin Bairut, babban birnin ƙasar, suka koma hannun masu janareta. Da amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da gida zai iya ja a lokaci ɗaya, ake sayen wutar. Gida ya ɗauki amfiya 5, wato wat 1,100 a kan bolt 220. Firij, fitilu, fanka, cajin waya, shi ke nan. Ka jona dutsen guga, bireka ta faɗi. Uwa ta gaza, mai janareta ya zama uwar ɗaki.

Hajiya Babba: Malam, ban yarda ba. Uwar ɗaki ita ke ɗaukar nauyinka, ta yi maka ɗinkin salla, ta tsaya maka ranar biki. Wannan kuwa duk wata sai ya karɓi kuɗinsa, yawanci da dala, kuma ba ka da inda za ka koma, don kowace unguwa da mai ita. "Da babu gara ba daɗi" ta fi dacewa da shi.

Ɗan Canji: Hajiya, nauyin maganar a kan "rashin" yake, ba kirkin uwar ɗakin ake yabo ba. Amma in ana neman uwar ɗaki ta gaske, 'yan uwa ne da ke ƙasashen waje. Tun Oktoban 2019 bankuna suka riƙe ajiyar mutane. Dalar da take lira (kuɗin Labanon) 1,507 ta haura 100,000 a kasuwar bayan fage a Maris na 2023. Mai albashin lira miliyan ɗaya da rabi, da dala dubu yake ɗauka, ya koma dala 15. Shi ya sa ake turo kuɗi ta shagunan tura kuɗi, a karɓa a hannu, kada su shiga asusu su maƙale.

Mai Wayarin: Ga ruwa ma. Famfo ne ke kai shi tankin saman bene, kuma lokacin tashinsa yakan ja ninkin wutar da yake ci. Sai a kashe firij tukuna, a tada famfo, tanki ya cika, sannan a mayar.

Hajiya Babba: To wace uwar ɗaki ce za ta ce ka zaɓi ɗaya, ruwa ko firij? Ɗan Canji, taka na karɓa. Ta Malam dai a sake mata wuri.