Mambila ko duwatsun gida? Yadda aka kwashe a zauren ƙungiyarmu

Sakatare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Adashin tafiya da muka fara zubi tun bayan ƙaramar Sallah ya kusa cika, har yau ba mu tsayar da inda za a nufa ba. A zaman Juma'a ƙaninmu Na Gembu ya faɗi maganar da ta tayar da ƙura. Ya ce duk faɗin Kano da Jigawa babu dutsen da ya isa mutum ya zuba wa mota mai dominsa, in ba tudun Mambila na jihar Taraba za a je ba gara a raba kuɗin kowa ya sayi taki. Magariba ta katse mu. To ga fili, kowa ya kawo hujjarsa, amma a kiyaye girman na gaba.

Na Gembu: Wa alaikumus salam. Yaya Sakatare, na faɗa kuma ban janye ba. Shekara guda na yi ina bautar ƙasa a Gembu, babban garin da ke kan tudun Mambila, ba labari aka ba ni ba. Ranar da na fara hawa, mun bar Serti muna sharce gumi, muka wuce Mayo Selbe, sai hanya ta kama jikin dutse tana naɗewa kamar rawani. Kunnena ya toshe har sau biyu. Kafin mu kai sama sai ga gajimare yana shigowa ta taga, fari fat, na miƙa hannu waje na dawo da shi a jiƙe. Wani dattijo da ke kusa da ni tasbihi kawai yake yi. Da muka ɓulla sama kuma, ba tsiraran duwatsu ba ne irin namu. Tuddai ne ɗaya bayan ɗaya har iya ganinka, ciyawa ta lulluɓe su, jajayen shanu masu dogon ƙaho sun bazu a kai. A watan Maris, lokacin da kuke kwana a tsakar gida kuna fifita, ni da bargo biyu nake kwana. Na je Kakara na ga ganyen shayi a jikin itacensa, masu tsinka da kwanduna a baya. Mu da muke shan shayi safe da yamma, waye a cikinmu ya taɓa ganin yadda yake fitowa? Ku gaya mini inda zan ga wannan tsakanin Takai da Dutse.

Ma'aji: Ƙanena, kyau ba a musa maka. Ni lissafi nake dubawa. Abin da ke hannuna in aka ce Mambila ne, rabinmu ma ba zai kai su ya dawo da su ba. Ko dai a ƙara zubi na wata shekara, ko wasu su tafi wasu su zauna da kuɗin kowa.

Direba: Bari in faɗi hanyar yadda take, don na bi ta da kaya ba sau ɗaya ba. Daga nan sai Birnin Kudu, sai Gombe, Kaltungo, Numan, a kwana Jalingo. Gari na wayewa a kama Garba Chede, Bali, Serti, sannan hawan. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, ba a sa na zama ba. Kuma hawan nan ba ya son motar da burkinta ke da shakka, musamman a gangarowa. Na ga manyan motoci kwance a kwanonin nan da idona. Zan kai ku in kun ce a je, amma ba da daddare ba, kuma ba da motar haya da ban san cikinta ba.

Malam na sakandare: Na Gembu, rabin maganarka gaskiya ce, kuma zan ƙarfafa maka ita kafin in kama ɗaya rabin. Tudun Mambila ya kai wajen mita 1,600 daga doron teku, birnin Kano kuwa bai cika mita 500 ba. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, shi ne sirrin bargonka biyu. Sanyin nan ne ya sa ƙudan tsando bai samu wurin zama ba, shi ya sa Fulani suka cika wurin da shanu. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya ma yana wannan yanki, Chappal Waddi, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru, cikin gandun Gashaka Gumti da aka mayar na ƙasa a 1991. Ba mu da irin wannan, ba kuma za mu yi ba.

Amma ka ce babu dutsen da ya isa a je dominsa? Ka taɓa shiga Dutsen Habude? Ga shi nan a Birnin Kudu, inda kake zuwa cin kasuwa. A ƙarƙashin inuwar dutsen akwai zanen shanu da jan launi, da mutanen da ba mu san sunansu ba suka yi tun zamanin da babu mai iya tunawa. Na kai ɗalibaina bara. Na ce su duba da kyau su faɗa mini abin da ya bambanta shanun nan da na gidajensu. Sun daɗe suna kallo, sai wata yarinya 'yar Fulani ta ce, "Malam, ba su da tozo." Ita ce ta gane. Shanu ne marasa tozo, irin da yanzu ba ka ganinsu a yankinmu. Ke nan dutsen yana riƙe da shaidar wani zamani da kiwon wannan ƙasa ba irin na yau ba ne. Ga kuma duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙararrawa, har wurin bugun ya lotsa saboda yawan hannun da ya bi ta kai. A shekarun 1950 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya taso tun daga Jos ya zo ya yi nazarinsu, da na Dutsen Mesa da shi ma yake Birnin Kudu, gwamnati kuma ta sa su cikin kayan tarihi na ƙasa. Shi ya ga sun isa ya ƙona mai.

Na Gembu: Malam, da girmanka, wannan darasin tarihi ne. Ni wurin da ido zai huta nake magana. Mutum ya shekara yana kallon jigawa da kara, ka ce ya je ya leƙa ƙarƙashin dutse ya ga zanen da sai an nuna masa da yatsa?

Malam na sakandare: To ka san wurin farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya? Ba Mambila ba ne. Sukur ne, a duwatsun Mandara, ƙaramar hukumar Madagali ta Adamawa, a 1999. Ba don tsawo aka zaɓe shi ba. Don hanyar da mutanen suka shimfiɗa da duwatsu har zuwa fadar sarkinsu, Hidi, da gonakin da suka yanka hawa-hawa a jikin dutse, da maƙerar ƙarfensu. Abin da mutum ya yi da dutse shi ma abin kallo ne.

Baffa: Yara, na karanta duka. Kai Na Gembu, ɗana, kana cewa babu inda ido zai huta a ƙasar Kano don ba ka taɓa wuce Tudun Wada ka yi kudu ba. Ina saurayi na yi cin rani a Riruwai, lokacin ana haƙar kuza. Daga ka shiga dajin Falgore ƙasa take sauya kama. Itatuwa su yi tsawo, ƙasa ta yi ja, duwatsu su taso su kewaye gari kamar ganuwa. Akwai waɗanda sai ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa. Da asuba in muka fito alwala, hazo ne kwance a cikin kwari, kawunan duwatsu kaɗai suka leƙo, ruwan buta yana cizon yatsa. Tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwa shuɗi, shiru, ba ka ganin ƙasansu. Wajen Zainabi kuma ruwa ne yake zubowa daga kan dutse, kana jin ƙugin tun ba ka gan shi ba. Yankin nan ne ke shayar da kogin Kano, wanda aka tare a Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo. Shinkafar Kadawa da tumatirin Kura da kuke ci, ruwansu daga can ya gangaro. Wannan ƙasar Kano ce, ƙaramar hukumar Doguwa. In ban manta ba har yau ban ji ɗayanku ya ce ya je ba.

Na Gembu: Allah ya ƙara girma Baffa. Ban je ba, gaskiya ne. Amma Falgore fa? Mun taso muna jin labarin ɓarayin shanu a dajin nan.

Direba: An yi wannan, babu mai ɓoyewa. A 2017 sojoji suka mayar da wani sashen dajin wurin atisaye. Ni ina bin hanyar Jos ta nan da rana. Sai dai kada mu yi kamar can babu nasa. A shekarar nan ta 2017 ɗin aka yi mummunan rikici a Mambila, rayuka suka salwanta. Ko ina za a je, sai an kira mutanen wurin an tambayi halin da ake ciki a makon tafiyar, a kuma fara sauka wurin mai gari.

Ma'aji: Ni har yanzu akwai abin da ke damuna, ku gafarce ni. Mu manoma ne. Kallon dutse, na kusa ko na nesa, me zai ƙara mana a rumbu?

Alaramma: Ma'aji, ba komai ne ake aunawa da mudu ba. A cikin Suratul Gashiya Allah ya yi tambaya ko ba sa duba zuwa ga duwatsu yadda aka kafa su. Dubawa ibada ce in an yi ta da tunani. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kada a ci bashi dominta, kada a bar iyali babu cefane, kada kuma sallah ta tafi a hanya. Ayar ba ta ce dutsen Taraba ko na Jigawa ba.

Yaya malamar asibiti: Tun ɗazu ina jira in ji wanda zai tuna da mu, shiru. Mu mata takwas muke zubi a adashin nan, ba mu taɓa fashi ba. Wace ce a cikinmu za ta bar yara da miji da aiki ta yi mako a hanya? In aka ce Mambila, kun cire mu ke nan ba tare da kun faɗa ba. Birnin Kudu kuwa da safe a tafi, la'asar a gida, har da yara. Kakata 'yar can ce, ta sha ba mu labarin yadda a zamaninsu 'yan mata ke raka amarya wajen duwatsun nan suna buga su suna waƙa. Ta rasu ban taɓa zuwa na ga wurin da take faɗa ba, ga shi tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Wannan abin yana ci mini rai. Ƙanena Na Gembu, da ka ce babu abin gani, har da wannan ka share.

Na Gembu: Yaya, ki yi haƙuri, wallahi ban san da wannan ba, kuma ban yi nufin cire kowa ba. Abin da ke raina shi ne, akwai samari a garin nan da ba su taɓa wuce Wudil ba. Ni da na hau can na dawo, tunanina game da ƙasar nan ya sauya. Na ga inda fiya da ayaba suke a bayan gida kamar yadda darbejiya take a namu. Na zauna da Mambilawa da 'yan ƙabilar Kaka da Fulani, Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausata ba ta kai ni ko'ina ba sai da na koyi gaisuwa. Ina so ƙannena su ɗanɗani wannan. Birnin Kudu ba za ta ba su shi ba, don can ma gida ne.

Malam na sakandare: Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma na karɓe ta. Da haka ka fara da ba a yi musu ba.

Direba: Akwai abin da duk ba ku taɓo ba, shi ne lokaci. Koren da Na Gembu yake faɗa na damina ne. Na je Nguroje a watan Janairu, ciyawa ta bushe, an sa mata wuta a wurare, hazo ya rufe ko'ina, tudun gabanka ma da ƙyar kake gani. Haka ruwan Zainabi da Baffa ya faɗa, da rani raguwa yake. Lokacin da wuraren nan suka fi kyau shi ne lokacin da muke duƙe a gona. In muka ce sai an gama kaka gaba ɗaya, mun makara.

Baffa: Ka faɗi gaskiya. Akwai ɗan tsakani, bayan an kai gero gida kafin dawa ta isa yanka. Cikin Oktoba ke nan. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta bushe ba, buji bai taso ba. Kwana biyu za a iya sata a nan, a bar yara su kula da wake. Mako guda kuwa ba zai samu ba.

Auta: Ni dai ina bayan Yaya Na Gembu. Ko shekara biyu za a ƙara ana zubi, ina so in taɓa gajimare da hannuna.

Sakatare: To ga abin da na tattara, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin isha'i. Asabar mai zuwa Birnin Kudu, kowa da kowa har da yara, Malam zai nemo mai kula da wurin ya buɗe mana. Riruwai cikin Oktoba, kwana ɗaya, in Direba ya tabbatar da lafiyar hanya. Mambila kuma a buɗe mata asusu daban ga masu so.

Na Gembu: Na yarda da Asabar, zan zo, ni zan ɗauki kuɗin ruwan sha. Maganar cewa babu abin gani na janye ta saboda Yaya da Baffa. Amma cewa akwai kamar Mambila a ƙasar nan, wannan sai na hau Riruwai na gani tukuna. A rubuta sunana na farko a sabon asusun.

Ma'aji: Na rubuta, Auta na biyu. Masu zuwa Asabar su turo adadin yaransu yau, don in san ko mota ɗaya za ta isa.

Direba: Ƙarfe bakwai a bakin masallacin Juma'a. A sa takalmi mai kama ƙasa, dutsen yana da santsi in an yi raɓa.