Abin da 'yan uwa suka faɗa kan lissafin kiwon kifi a teku

Jama'a ga taƙaitawar tattaunawarmu kan kiwon kifi cikin keji a tekun Ghana.

1. Kowa ya yarda abincin kifi ne ke cinye fiye da rabin kuɗi, kuma farashinsa dala yake bi, sidi (kuɗin Ghana) na faɗuwa buhu ya tashi. Don Allah a riƙa rubuta komai a littafi, har kifin da ya mutu.

2. Kafin zuba jari a zaga kasuwannin Tema da Nima a ji farashi, a nemi lasin wajen Fisheries Commission, hukumar kula da harkar kifi ta Ghana.

3. An rabu kan teku. Wasu sun ce igiyar ruwan Accra za ta farfasa keji, gara karfasa a tafkin Volta tunda can akwai lissafin shekaru. Wasu suka tuna cutar 2018 da ta kashe kifi can. Ni dai ina bayan na farko.