Kuɗin Asusun BHCPF: Abin da Ya Kamata Kowace Mazaɓa Ta Sani

Ma'aikatan lafiya da masu bibiyar kasafi da suka tattauna kan kuɗin kiwon lafiya sun fi tsayawa kan asusun BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma sai 2018 ya shiga kasafi. Dokar ta ba inshorar lafiya rabi, kashi 45 ya tafi wa asibitocin matakin farko, wato 20 magani da rigakafi, 15 gine-gine da kayan aiki da sufuri, 10 ma'aikata. Kashi 5 na agajin gaggawa ne.

Inda aka fi samun cikas, a cewarsu, shi ne lissafi. Kuɗin na shiga asusun bankin asibitin ne duk wata uku, kuma wanda bai kai rasit da rahoton zangon baya ba, ana iya riƙe masa na gaba. Shawararsu: shugaban asibiti ya rubuta tsarin kashe kuɗi tare da kwamitin mazaɓa, ya ajiye kowane rasit, ya liƙa adadin da ya shigo a bango kowa ya gani.

Jihohi kuwa, a duba abin da aka saki, don abin da aka ware a takarda sau da yawa ba ya fita. Alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince a ware wa lafiya aƙalla kashi 15 na kasafi, ma'auni ne mai kyau na tuhumar gwamna. Mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a yi musu rajista a hukumar inshorar jiha tun kafin ciwo ya zo.